Takardar indijin da kason gurbi: yadda ake nema da inda ake tuntuɓe a Bauchi da Gombe

Da zarar an buɗe ɗaukar soja ko 'yan sanda, ko JAMB ta fara rajista, sai ka ga sakatariyar ƙaramar hukuma ta cika da matasa, kowa da ambulan a hammata, ana neman takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A irin waɗannan ranaku ne tsohuwar gardamar nan take farfaɗowa a majalisun dare da gidajen rediyo: wane ne ɗan gari, wane ne baƙo, shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin a daina ce masa ɗan zuwa, kuma ko rabon gurabe bisa jiha adalci ne ko tauye mai ƙoƙari. Gardamar tana da tushe, za mu taɓa ta. Amma ma'aikacin da ke bayan tebur ba ra'ayinka zai tambaya ba. Takarda zai duba, kuma yawancin waɗanda ake mayarwa gida ba don su baƙi ba ne, don takardunsu ba su yi magana da murya ɗaya ba ne.

Abin da doka ta ce

Tsarin mulkin 1999 yana ɗauke da abu biyu masu ja wa juna. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama duk inda ya ga dama, na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina, na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila, addini ko wurin da ya fito. Sai kuma sashe na 14(3) ya ce a raba muƙaman gwamnatin tarayya yadda wasu 'yan jihohi ko ƙabilu ba za su mamaye ba, 14(4) ya ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi irin wannan nauyi, 147(3) kuma ya wajabta a ɗauki aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Wannan tsari ya fara shiga kundi ne tun a tsarin mulkin 1979, ko da yake rabon guraben soja bisa yanki ya girme shi, tun ƙarshen shekarun 1950 ake yi. Hukumar Raba-Daidai ta Tarayya, wato FCC, an kafa ta a 1996 don ta sa ido a kai.

Kundin bai fayyace wane ne ɗan asali ba. Iyakar abin da sashe na 318 ya ce shi ne, mutum na wata jiha ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ƙa'idojin FCC ne suka ƙara haske. A wurinsu ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan asalin wurin ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar da kanta ta karɓe shi a matsayin nata. Suka ɗora sharaɗi: ba a riƙe ƙaramar hukuma biyu.

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu wurin haihuwa. Babu yawan shekarun zama, babu biyan haraji, babu iya yaren gari. Yaron da aka haifa a Jekadafari, ya yi firamare da sakandare a Gombe, bai taɓa kwana a garin kakansa ba, a takarda yana nan ɗan garin kakan, sai fa in ƙaramar hukumar Gombe ta karɓe shi ta ƙofa ta biyu.

Hanyar neman takardar

Ka fara da wuri. Lokacin da ya fi dacewa shi ne yaro yana aji biyu na babbar sakandare, kafin rajistar JAMB da aka saba yi a farkon shekara. Wanda ya bari sai an buɗe shafin ɗaukar aiki, shi ne yake biyan 'yan tsakiya, kuma shi ne ake ba takardar bogi.

Kafin ka fita daga gida, a zauna da mahaifi ko wani dattijo a tsayar da abu uku: sunan ƙauye ko unguwar asali, gundumar da take ciki a yau, da ƙaramar hukumar da gundumar take ciki a yau. Ana nanata "a yau" ne saboda iyakoki sun motsa sau da yawa, kuma an ƙirƙiro sababbin gundumomi da masarautu. Hakimin da ya sa wa mahaifinka hannu ba lallai ne ƙauyenku yana ƙarƙashinsa har yanzu ba.

Ka haɗa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, takardar NIN, takardar kammala firamare, hotuna fasfo huɗu masu farin baya, da kwafin takardar indijin ta mahaifi ko yaya in akwai. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi, tana rage tambayoyi da rabi. Wanda aka haifa bayan 1992, takardar Hukumar Ƙidaya ake so, katin asibiti ko takardar suna ba sa maye gurbinta. Waɗanda suka girmi haka ne ake karɓar takardar rantsuwar shekaru daga kotu a hannunsu.

Matakin farko mai unguwa ne. Kada yaro ya je shi kaɗai in ba a san fuskarsa ba. Mahaifi ko kawu ko baffa ya raka shi, a gaisa yadda ya kamata, a ce, "Ranka ya daɗe, wannan jikan wane ne na gidan wane, takardar shaida yake nema." Mai unguwa gida yake shaida, ba mutum ba, saboda haka sunan kaka ya fi naka amfani a nan. Daga wurinsa sai dagaci, sai hakimi, kowa ya sa hannu ya buga hatimi. Sannan a kai sakatariya, a cika fom, a biya kuɗin da aka ƙayyade a ofishin kuɗi, a karɓi rasit. Kuɗin yana bambanta daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan, amma duk kuɗin da ba rasit, ba na gwamnati ba ne. Shugaban ƙaramar hukuma ko sakatarenta ne suke sa hannu na ƙarshe.

Kafin ka bar harabar, ka tsaya ka karanta takardar harafi-harafi. Ka duba lambar da ke kanta, ka tambaya ko an shigar da ita cikin littafin rajista. Wannan littafi shi ne ainihin hujjarka, domin idan hukumar da ta ɗauke ka aiki ta rubuto tana neman tabbaci, littafin za a buɗe. Takardar da aka sayo a bakin ƙofa tana iya zama da hatimi na gaske da sa hannu mai kama da na gaske, amma ba ta cikin littafi. Ka duba hatimin ya hau gefen hoton, rabi a hoto rabi a takarda. Sai ka yi kwafi goma, ka ɗauki hotonta da waya, ka adana ta asalin a jakar leda. Manne ta da roba mai zafi yana ɓoye tudun hatimi, kuma in an sami kuskure daga baya babu inda za a gyara.

Soja da wasu hukumomin tsaro suna da nasu fom na daban wanda ƙaramar hukuma za ta sa wa hannu a lokacin ɗaukar aikin, ga kuma fom na mai tsaya maka. Mallakar takardar indijin ba ta ɗauke maka wannan ba.

Inda ake tuntuɓe

Babban abin da ke kayar da mutane shi ne rubuta sunan gari a gurbin sunan ƙaramar hukuma. Babu ƙaramar hukumar Azare, Katagum ce, Azare hedikwatarta ce. Shi kuwa garin Katagum ɗin kansa a ƙaramar hukumar Zaki yake. Wannan ruɗani kaɗai ya isa ya sa mutum ya ɗauki takardu biyu masu saɓani ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Haka Kumo Akko ce, Bajoga Funakaye, Malam Sidi Kwami, Talasse Balanga, Kafin Madaki Ganjuwa, garin Yana kuma Shira. A cikin garin Gombe ma akwai unguwannin da birni ya haɗiye amma suna ƙasar Akko, irin su Tumfure. Mai shagon intanet da ke cika wa mutum hamsin fom a yini ba zai tsaya tantance maka wannan ba. Ka tsaya a kansa, ka ga abin da ya zaɓa kafin ya tura.

Na biyu, tsofaffin takardu. An cire Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, Bauchi ta tsaya da ƙananan hukumomi 20, Gombe 11. Takardar mahaifi da aka bayar kafin nan za ta ce Jihar Bauchi ko da shi mutumin Dukku ne ko Kaltungo. Tana nan da amfani a matsayin hujjar asali, amma ba ta mai da ɗansa ɗan Bauchi ba. Haka wanda takardar gidansu ta ce Tafawa Balewa alhali ƙauyen ya koma Bogoro, ko ta ce Kaltungo alhali yanzu Shongom ne. A kai tsohuwar takardar sabuwar sakatariya, a karɓi sabuwa.

Na uku, suna. Muhammad a NIN, Mohammed a WAEC, Muh'd a takardar indijin. A'isha a nan, Aishatu a can. Sunan uba a wannan takarda, sunan kaka a waccan. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, kuma suna da ranar haihuwa daga can take janyo su. Don haka NIN ita ce ma'auni: ko dai duk takardu su bi ta, ko a fara gyara ta a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da ita, sannan sauran su biyo. Takardar rantsuwar kotu tana ɗinke ƙaramin saɓani na haruffa, ba ta ɗinke saɓanin jiha ko ƙaramar hukuma. In an riga an yi kuskure a rajistar JAMB, hukumar tana buɗe damar gyaran bayanai, a yi tun kafin jami'a ta fara tantancewa. Sa sunan gari a ƙarshen suna kuwa, wane Misau ko wane Deba, ado ne, ba hujja ba.

Na huɗu shi ne wanda ake yi da gangan: riƙe takarda biyu, ta Bauchi don neman tallafin karatu, ta garin kaka don neman aiki. A da ana sha, yanzu JAMB da NYSC da tsarin biyan albashi duk suna rataye da NIN ɗaya. Saɓanin ba ya fitowa ranar da aka yi shi, yana fitowa ne ranar da za a ba ka muƙami, wani abokin takara ya rubuta ƙorafi. Ba da bayanin ƙarya dalilin kora ne a aikin gwamnati, ƙirƙirar takarda kuma laifi ne mai ɗauri.

Wanda ya daɗe, wanda ya gudo, da wadda ta yi aure

A nan maganar take da nauyi, domin garuruwan nan biyu da zuwan mutane aka gina su. Sai a 1919 aka dawo da fadar Gombe inda take a yau, bayan Gombe Abba da Nafaɗa. Auduga da layin dogo na farkon shekarun 1960 suka jawo Kanawa, Barebari, Yarabawa, Inyamurai da sauransu. A Bauchi, Yakubu da ya kafa garin daga Gerawa ya fito, kuma gidaje da yawa da a yau ba su jin komai sai Hausa, kakanninsu Geranci ko Bolanci ko Jaranci ko Fillanci suke yi. Akwai harsuna irin na Ajawa da suka ɓace gaba ɗaya saboda masu su sun koma Hausa. Narkewa cikin gari ta harshe da aure da maƙwabtaka abu ne da aka daɗe ana yi ba tare da an kira taro ba. Takarda ce ba ta bin wannan narkewa. Shi ya sa gwada mutum da yaren gari a wurin tantancewa ma'auni ne mai rauni: ɗan asali na gaske yana iya faɗuwa, wanda ya zo jiya ya koyi gaisuwa ya haye.

Idan gidanku ya kai kaka a gari, kuma babu sauran wanda ya san ku a inda aka fito (kowa ya bar gida, gida ya bar shi), ƙofarku ita ce ta biyu, wato karɓar ƙaramar hukuma. Ba haƙƙi ne da za a ƙwata da ƙarfi ba, nema ake yi, kuma hujja ce take aiki. A tattara tsofaffin rasit na harajin kaka in sun tsira, takardar gida ko gona, takardun firamaren uba da na 'ya'ya, da wasiƙar mai unguwa da ta faɗi shekarun zaman gidan ƙarara. A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun hakimi, a faɗi gaskiyar inda aka fito, a kuma bayyana cewa ba a riƙe da takardar wata ƙaramar hukuma. Kada a ƙirƙiri ƙauyen da ba naku ba. Takardar da aka samu da gaskiya tana jure ƙorafi, domin ƙa'idar FCC ta san da ita. Wadda aka gina kan kakan ƙarya, mutum ɗaya da ya san tarihin gidanku ya isa ya rushe ta.

Idan mahaifiya ce 'yar gari, ƙa'idar tarayya tana tare da kai, ta ce ɗaya daga cikin iyaye. A aikace ƙananan hukumomi da yawa uba suke bi. Ka je da takardar mahaifiyar da wani kawu daga gidansu, ka nemi a duba. In an ba ka, ka bar ta wajen uba har abada.

Waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno, Yobe da Adamawa, da waɗanda suka baro Jos bayan rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 suka zauna a Toro da Bauchi, nasu lissafin daban ne. Yaron da aka haifa a Gombe iyayensa 'yan Gwoza, takardar haihuwarsa za ta ce Gombe, jiharsa ta asali Borno, kuma babu saɓani a cikin wannan. In takardu sun ƙone ko sun ɓata, a yi rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu, a nemi sabuwa daga ƙaramar hukumar asali ta hannun masu unguwanninsu da dagatansu, waɗanda da yawa ana iya samunsu ko da ba a koma ƙauyen ba. Abin da mutane ba su cika lissafawa ba shi ne, a guraben tarayya sauya jiha ba ya ƙara musu komai. Borno, Yobe, Adamawa da Filato duk suna cikin jerin jihohin da ake ba kason ci-baya a ilimi wajen shiga jami'a, daidai da Bauchi da Gombe. Inda bambancin yake ciwo shi ne kuɗin makaranta a manyan makarantun jiha, tallafin karatu, da aikin gwamnatin jiha. Masu baro Jos da aka hana takarda a can, su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, kuma su ne suka fi buƙatar ƙofa ta biyu.

Matar aure, a ƙa'idar FCC, tana nan a jiharta ta asali wajen rabon guraben tarayya. Kada ki sauya jiha a takardu don kin yi aure. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda an gabatar da ita a kason jihar mijinta, Abiya, alhali asalinta Anambra. An rantsar da ita daga baya, amma in mai shari'a ta gamu da wannan, malamar asibiti sai ta kiyaye.

Wanda iyayensa duka suka fito daga Nijar, Chadi ko Kamaru, matsalarsa ta zama ɗan ƙasa ce, ba ta indijin ba. Haihuwa a Najeriya kaɗai ba ta bayarwa, sashe na 25 ya ce sai ɗaya daga iyaye ko kakanni ɗan Najeriya ne. Matar da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajista a ƙarƙashin sashe na 26. Sauran sai sashe na 27, mai buƙatar zaman shekara 15, kuma ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake bi, ba ta sakatariya ba. NIN ma ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, ana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida. Wanda kuwa yake da uwa ko kaka 'yar Najeriya, kada ya bari a tsorata shi. A 1980 an kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, aka kai shi Chadi da sunan baƙo ne, kotu ta ce ɗan ƙasa ne ta dawo da shi.

Abin da takardar take buɗewa

A jami'o'in tarayya rabon shi ne kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin yankin da jami'ar take ɗiba, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. A ce sashe yana da gurbi 100. Na farko 45 na duk wanda ya fi maki ne, ko daga ina yake. Waɗancan 20 kuwa jihohi 23 ne suke rabawa, ko gurbi ɗaya-ɗaya bai kai ba. Duk mai gaya wa yaro cewa kaso zai shigar da shi likitanci ko lauya da ƙaramin maki, cutarsa yake yi. Kaso ba ya ɗauke kiredit biyar da Turanci, da Lissafi a kwasa-kwasan da ke buƙatarsa, ba ya ɗauke ɗora sakamakon a shafin CAPS, inda JAMB take ba da gurbi, kuma ba ya ɗauke shiga a danna karɓar gurbin in ya fito.

Dabarar ita ce ka san ƙofofi nawa ke gare ka a kowace makaranta. Ɗan Bauchi ko Gombe a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi (ATBU) ko Jami'ar Tarayya ta Kashere yana da uku, amma a nan ne 'yan uwansa suka fi cunkoso. A jami'o'in Kudu irin na Ibadan da Ife yana da biyu, cancanta da kason ci-baya, kuma sukan fitar da makin kowace ƙofa daban. Yaranmu ba su cika leƙa can ba, alhali mai maki mai kyau ya kamata ya duba jadawalin shekarun baya kafin ya zaɓa. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gadau na jiha ne, rabon ƙananan hukumomi ya fi tasiri a cikinsu. Makarantun haɗaka na tarayya, irin na Azare, Bauchi, Billiri da Bajoga, su ma suna la'akari da jihar yaro, don haka a cike ta daidai tun fom ɗin aji shida.

A aikin tarayya, ƙa'idar FCC ta ce kowace jiha kada ta gaza kashi 2.5 kada ta wuce 3 na manyan ma'aikata, Abuja kashi 1. Hukuma mai manyan ma'aikata 1,000 ke nan ya kamata a sami 'yan Gombe 25 zuwa 30, 'yan Bauchi ma haka. A ƙidayar 2006 Bauchi tana da mutum sama da miliyan 4.6, Gombe sama da miliyan 2.3, wato ɗan Bauchi yana gogayya da ninkin mutanen da ɗan Gombe yake gogayya da su a kan kaso iri ɗaya. Ƙananan matakai, daga 01 zuwa 06, akasarinsu na mutanen wurin da ofishin yake ne, kashi 75. Ana kuma buƙatar a tallata guraben a jaridu biyu na ƙasa tsawon mako shida, sai dai hukumomi sukan nemi a ɗauke musu wannan sharaɗi, kuma ta nan ne cinikin gurabe yake shiga, kamar yadda binciken Majalisar Wakilai na 2023 ya tono. Naƙasassu suna da nasu kaso, kashi 5 na ɗaukar aiki a hukumomin gwamnati bisa dokar da aka sa wa hannu a 2019. Mai wannan haƙƙi ya rubuta shi a fom, ya haɗa da takardar likita.

Akwai kuma wuraren da ba a buƙatar takardar sam, ko da wani ya ce ana buƙata. Sayen gida, buɗe shago, sa yaro a firamare, ganin likita, rajistar zaɓe a inda kake zaune. Ko sharuɗɗan tsayawa takarar majalisa a kundin ba su ambaci indijin ba.

Masu sukar tsarin suna cewa yana hukunta yaro saboda inda kakansa ya fito, kuma yana raba maƙwabta gida biyu. Masu kare shi suna cewa in an cire shi, yankin da ya riga shiga boko da shekaru masu yawa zai kwashe komai, ƙananan ƙabilu kuma a nutsar da su a ƙasarsu. Kowa da gaskiyarsa, kuma ba mu kaɗai ke wannan ja-in-ja ba: Kotun Ƙolin Amurka ta soke la'akari da launin fata wajen shiga jami'a a 2023, Indiya kuwa tana nan da kason gurabe tun 1950. A ganina raunin namu yana wani wuri dabam. Jiha yake aunawa, ba hali ba. Ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja yana shiga da takardar Warji ko Nafaɗa, ya ɗauke gurbin da aka ware saboda yaron da ya yi karatu a aji mara rufi. Yunƙurin gyara ma bai cika nisa ba: a 2025 an kawo ƙudirin ba da indijin ga wanda ya yi shekara goma a wuri ko ya yi aure a can, suka ta yi yawa, mai ƙudirin ya janye.

In an hana ka

Ka nemi a faɗa maka dalili, in da hali a rubuce. Ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takarda mai kwanan wata, ka kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa ka riƙe. In shiru ya yi yawa, sai Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ta jiha, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar ko kwabo, tana da ofis a Bauchi da Gombe. Ƙorafi kan rabon guraben aikin tarayya, ko zargin an sa baƙin suna a kason jiharku, ofishin FCC na jiha ake kaiwa, kowace jiha tana da kwamishina a hukumar. A haɗa sunan hukumar da ta ɗauki aikin, shekarar, matakin albashi da kwafin tallan in an yi.

Kotu tana nan a ƙarƙashin sashe na 46, amma a shiga da ido biyu. Sashe na 15, wanda ya yi alkawarin cikakken haƙƙin zama ga kowa a ko'ina, yana cikin babi na biyu, kuma kotu ba ta tilasta wannan babi. Shari'ar da ta fi tsayuwa ita ce ta wanda ya cika ƙa'idar iyaye ko kakanni aka hana shi, ko aka ba yayansa uwa ɗaya uba ɗaya shi aka ƙi. Mai irin wannan ya fara da ofishin ba da lauya kyauta na gwamnati, ya je da kwafin takardar ɗan uwan da lambar da ke kanta.